Saura Mutum Ɗaya: Yadda Jadawalin Mota Ya Kwanar da Mu a Kwatano

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma duk wanda ya zauna aji a wannan sashe namu ya sha jin malamai suna nanata cewa ba a littafi kaɗai ake koyon harshe ba, sai an je inda masu shi suke an saurare su. Mu da muke karatun Hausa a nan Kudu, waɗanda yawancinmu ba da ita muka tashi ba, wannan magana ta fi shafarmu. Shi ya sa kowace shekara za ka ji wasu 'yan aji sun shirya zuwa Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba, wasu kuma su ce sai sun tsallaka iyaka sun ji irin Hausar da ake yi a ƙasashen da Faransa ta mulka.

Ina cikin waɗanda suka tsallaka. Wata ranar Asabar cikin watan Fabrairun 2024, mu huɗu, maza biyu mata biyu, muka tashi daga Legas da nufin mu yini a unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, mu ɗauki hirarraki domin aikin kwas ɗin karin harshe, mu dawo mu ci abincin dare a gida. Ba mu dawo ba sai azahar ɗin Lahadi, aljihu wayam, da bashi a wuyanmu, iyayenmu sun sha zullumi, ga kuma gwaji yana jiranmu ranar Litinin da safe.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa lokacin da aka rubuta a tikiti ba ya cika, da yadda tasha take aiki, da abin da ke cinye lokaci a bakin iyaka, sannan da yadda ɗalibi zai lissafa tafiyar yini guda don kada abin da ya same mu ya same shi.

Tafiyar a kan takarda

A kan takarda tafiyar ba ta da wuya ko kaɗan. Tsakanin Legas da Kwatano kimanin kilomita 120 ne. Ana bin babbar hanyar Badagry daga Mile 2, a wuce Ojo da Agbara da Badagry, a isa Seme inda iyaka take, a tsallaka zuwa Krake a ɓangaren Benin, daga nan kuma sai 'yar tafiyar da ba ta kai awa guda ba zuwa cikin gari. Nijeriya da Benin agogonsu ɗaya ne, ba kamar Togo da Gana ba waɗanda suke bayanmu da awa guda. Ba a kuma bukatar biza, domin ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ECOWAS wadda aka kafa a nan Legas a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga ɗayar ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai inganci da katin allurar rigakafi.

Mun sayi tikiti tun ranar Alhamis a wurin wani kamfanin safa mai zuwa Kwatano kai tsaye. An rubuta tashi ƙarfe 6:30 na safe, mai sayar da tikitin kuma ya ce mana ƙarfe 10:00 muna can. A kan wannan magana muka ɗora ginin ranar gaba ɗaya: mu yi aiki daga 10:00 zuwa 3:00, mu kamo hanya, kafin 7:00 na dare muna Mile 2. Kuɗin da muka ɗauka ma na yini guda ne.

Tafiyar a zahiri

Ƙarfe 6:00 muna tasha. Ƙarfe 6:30 ta yi, mu tara ne kacal a cikin motar, direba ma ba a gan shi ba. Ƙarfe 7:30 aka fara ɗora kaya, buhu-buhu da kwali-kwali, wasu a bayan mota wasu a ƙarƙashin ƙafafunmu. Duk wanda muka tambaya sai ya ce yanzu-yanzu za a tashi. Motar ba ta motsa ba sai 8:50, bayan kujera ta ƙarshe ta samu mai ita.

Jinkirin awa biyu da minti 20 bai tsaya a haka ba, sai da ya haifi wani. Da mun tashi 6:30 da mun wuce yankin kasuwannin Alaba da Iyana-Iba kafin 'yan kasuwa su fito, amma da yake mun makara sai muka faɗa tsakiyar cunkoso. Tun 2009, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka fara aikin faɗaɗa wannan hanya zuwa layi 10, kuma a ranar tafiyarmu akwai wuraren da motoci suke haɗuwa a hannu ɗaya saboda aiki. Bayan Agbara kuma sai shingayen bincike suka fara. Na soma ƙirga su, da na wuce 20 sai na daina. Kowane shinge minti biyu ne ko biyar, amma a inda aka ce a sauke kaya a duba sai da muka yi kusan rabin awa. Ƙarfe 12:40 muka isa Seme. Ƙarfe 2:45 muka bar iyaka. Ƙarfe 3:30, wato bayan lokacin da muka tsara barin Kwatano, muka sauka a cikinta.

Me ya sa mota ba ta tashi a kan lokaci?

A ranar na ɗauka rashin gaskiya ne kawai irin na 'yan tasha. Daga baya, da na zauna da direbobi ina tambaya, na gane cewa lissafi ne. Yawancin direbobin haya ba su ne masu motocin ba. Akwai kuɗin da direba zai kai wa mai mota kullum, wanda ake kira balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuɗin tasha da na ƙungiya, akwai la'adar ɗan kamasho da ya yi lodi, akwai haƙƙin yaron mota, akwai abin da hanya take ci, sannan ga uwa uba man fetur, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Duk waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don mota ta tashi da kujera babu kowa.

Bari in kawo misali da alƙaluman da na tsara don a ga yadda lissafin yake. A ce bas mai kujera 14 ce, kowace kujera naira 4,000. In ta cika an samu 56,000. A ce mai da balas da kuɗin tasha da na hanya sun cinye 46,000. Abin da ya rage wa direba da yaronsa 10,000 ne. To idan ya tashi da kujera uku babu kowa, ya rasa 12,000 ke nan, wato ya yi aikin banza har ya ciko 2,000 daga aljihunsa. Ashe kujeru 11 na farko na wasu ne, ukun ƙarshe su ne abincin gidansa. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin direban da ya zauna awa guda yana jiran mutum ɗaya ba.

Saboda haka tasha tana da nata jadawalin, sai dai da kujeru ake rubuta shi. Motoci suna bin layi, ta gaba ita ke lodi, in ta cika ta tashi, ta bayanta ta matso. Abin da ke nuna lokacin tashi shi ne yawan fasinjojin da ke shigowa tasha a wannan sa'a, shi kuwa ya danganta da rana da lokaci. Da asuba mota kan cika cikin ɗan lokaci domin 'yan kasuwa suna sauri. Da hantsi abin yakan ja baya. Da dare kuwa sai a hankali.

Kamfanonin safa masu buga lokaci a tikiti suna tsakiya ne. Suna da ofis da rasit da lambar kujera, amma da yawa daga cikinsu lissafin nan na kujera shi ke tafiyar da su, ga kuma kuɗin kaya wanda wani lokaci yakan kai na fasinja. Lokacin da aka rubuta a tikiti ya fi zama lokacin da ake so fasinja ya hallara. Mai son ganin bambanci ya dubi jirgin ƙasa, kamar na Legas zuwa Ibadan da ya fara cikakken aiki a 2021, ko na Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumban 2023. Jirgi yakan tashi ko bai cika ba, domin matuƙinsa ɗan albashi ne, kujerar da ba kowa ba daga tukunyarsa ake cire ta ba.

Kalmomin tasha da ma'anarsu

A matsayinmu na ɗaliban harshe, wannan fanni ya kamata ya ja hankalinmu. Mun koya a darasin ilimin ma'ana cewa abin da kalma take nufi a ƙamus daban, abin da mai magana yake nufi da ita a muhallinta daban. Tasha babban aji ce ta wannan darasi.

Idan ɗan kamasho ya ce "yanzu-yanzu", ma'anarsa ita ce wannan motar ce a kan layi, babu wata da za ta riga ta tashi. Idan ya ce "ta kusa", yana nufin an wuce rabi. Idan ya ce "direba ya je shan mai" ko "ya je cin abinci", akwai sauran zama. Idan kuwa ya ce "saura mutum ɗaya", sai ka leƙa ka ƙirga da kanka, kuma ko ka ƙirga kada ka saki jiki, domin akwai dabarar zaunar da 'yan tasha a cikin mota don ta yi kama da ta kusa cika, da zarar fasinjan gaske ya shigo sai ɗaya daga cikinsu ya zame. Alamar da ta fi aminci ita ce kaya da kuɗi: mutumin da ya ɗora jaka kuma ya biya, shi ne fasinja.

Wannan kira na saura mutum ɗaya akwai shi a Yarbanci, harshen da na tashi da shi, akwai shi kuma a Turancin buroka. A Legas har ya samu wata mummunar ma'ana, domin "wan cans" ya zama sunan motocin 'yan fashi masu yaudarar mai sauri da cewa kujera ɗaya ta rage. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ɗalibi barin tasha ya tari mota a bakin titi don ya gaji da jira, balle da dare.

Akwai kuma yadda ake faɗin lokaci. Bahaushen tasha zai fi ce maka "bayan sallar asuba", ko "da hantsi", ko "kafin la'asar", ko "da almuru". Waɗannan kalmomi suna nuna wani yanki ne na yini mai faɗi, kuma na lura sun fi cika alƙawari a kan ƙarfe kaza da minti kaza, domin sun bar wa hanya haƙƙinta.

Abin da ke cin lokaci a iyaka

A Seme da Krake akwai ofishin haɗin gwiwa wanda Shugaba Muhammadu Buhari da Shugaba Patrice Talon suka buɗe a watan Oktoban 2018, inda jami'an ƙasashen biyu suke aiki a harabar guda. Duk da haka matakan suna nan: a duba lafiya, a buga hatimin fita, a buga na shiga, a duba kaya, a duba takardun mota.

Darasin da muka koya a nan shi ne, motar da ke tsallakawa kai tsaye ba ta wucewa sai an sallami kowa da komai na cikinta. Saurinta saurin fasinjan da ya fi kowa matsala ne. A motarmu akwai wata 'yar kasuwa da kayanta suka ɗauki lokaci, akwai kuma mu. Abokin tafiyata namiji bai zo da katin allurar zazzaɓin shawara ba, wai ya ɗauka katin makaranta da fasfo sun isa. Sai da aka daɗe ana bayani, sauran fasinjoji suna harararmu, kafin a warware. Wannan laifinmu ne. Ya kamata mu sani cewa allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da katin na tsawon rai, don haka sau ɗaya mutum zai wahala.

Masu zirga-zirga kullum ba sa bin hanyar da muka bi. Sukan shiga motar Mile 2 zuwa Seme, su sauka, su bi layin hatimi da ƙafarsu, su shiga wata motar a Krake. Ta haka matsalar wani ba ta riƙe su. Aibin wannan hanya shi ne jiran lodi sau biyu, kuma wannan jira na biyu shi ne ya kayar da mu a dawowa.

Har ila yau, iyaka ƙofa ce, ana iya rufe ta. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986. An rufe ta Benin na ɗan lokaci a watan Agustan 2003. An sake rufewa a watan Agustan 2019, ba a buɗe Seme ba sai ranar 16 ga Disamban 2020. Haka kuma an rufe iyakoki ranar zaɓen shugaban ƙasa ta 25 ga Fabrairun 2023. Don haka mai niyyar tafiya ya saurari labarai a daren da zai tashi.

Kuskuren ƙarfe uku da rabi

Babban kuskurenmu a Kwatano muka yi shi. Da muka sauka 3:30, abu biyu ne a gabanmu: ko mu juya nan take, ko mu amince cewa kwana ya kama mu mu nemi masauki tun da rana. Ba mu zaɓi ko ɗaya ba. Muka ce ai ba za mu zo har nan mu koma hannu rabbana ba, bari mu yi awa biyu da sauri. Muka hau babura masu rigar ɗorawa, waɗanda ake kira zemijan, wato okada a wurinmu, acaɓa a Kano, kabu-kabu a Nijar, suka kai mu Zango kusa da babban masallaci.

Aikin kam ya yi kyau. Wani dattijo mai shagon yadi, mutumin Tawa ta Nijar, ya karɓe mu hannu bibbiyu da ya ji 'yan Yarbawa suna gaishe shi da Hausa. A bakinsa muka ji da kunnenmu abin da muke karantawa game da Hausar yamma: tahiya maimakon tafiya, lahiya maimakon lafiya, biyat maimakon biyar, ɗiya maimakon 'ya. Muka kuma tsinci kalmomin aro daga Faransanci, irin su duwan a inda muke cewa kwastan, da jandarma, da lakwal a inda muke cewa makaranta. Daɗin hira ya sa ba mu ankara ba sai da aka kira magariba.

Kuɗi ma sun ba mu kunya ta hanya biyu. Ta farko, mun yi kasafinmu ne da canjin da wani ɗan ajinmu ya samu a shekarar da ta gabata, alhali darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, ta sake faɗuwa a farkon 2024, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Abin da 'yan canji suka ba mu a Seme bai kai yadda muka zata ba. Ta biyu kuwa matsalar harshe ce tsantsa. Mai abinci ta ce mana kwanon shinkafa ɗari ne, muka yi murna da araha muka ci kwano huɗu. Ashe masu Hausar ƙasashen sefa da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ɗarinta sefa 500 ce, don haka 2,000 muka biya a inda muka zaci 400. Haka nan jaka a wurinsu sefa 1,000 ce, wato dala 200, alhali a Nijeriya jaka naira 200 ce, gadon jakar fam 100 ta kafin a sauya kuɗi a 1973. Mun san kalmomin duka, ƙimarsu ce ta ɓace mana.

Ƙarfe 7:15 muka isa tashar motocin Krake. Tasi mai ɗaukar mutum shida ce, mu huɗu. Bayan minti 40 mutum ɗaya ya zo. Direban ya dube mu ya ce da Yarbanci saura mutum ɗaya, ko mu biya kujerar ko mu jira. Muka haɗa duk abin da ke aljihunmu, muka ga in mun biya, na motar Seme zuwa Legas ba zai cika ba. Wayoyinmu kuma babu wadda take aiki, domin ba mu buɗe layukanmu don kiran ƙasar waje ba. Wani mai shayi Bahaushe da ke jin mu ya ce, "Samari, ko kun tashi yanzu sai tara da rabi ku kai boda. Ku tsallaka, ku sake jiran wata ta cika. Ƙarfe nawa za ku shiga Ikko da 'yan mata biyu? Ku koma inda kuka fito."

Kwanan Zango

Muka koma cike da kunya. Dattijon yana rufe shago. Na ce, "Baba, mun dawo, mota ta ƙi cika." Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyana, ai tun la'asar na san nan za ku kwana. Ku shigo, gobe ku tahi lahiya." Ya ba mu wayarsa muka kira gida, inda na tarar mahaifiyata ta riga ta tayar da rabin dangi. Ya tura 'yan matan cikin gida wurin iyalinsa, mu maza aka shimfiɗa mana tabarma tare da yaran shago.

A hirar dare ya ce mana jinkirinmu na awoyi ne, shi kuwa kayansa sun fi wata shida ba su kai gida ba, domin tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya take rufe. Ya kuma tuna mana asalin sunan unguwar. Zango shi ne wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya kwana, kuma da zango ake auna nisan tafiya a da, a ce gari kaza zango kaza ne. Fataken goro masu zuwa Gwanja ba sa tashi sai ayari ya haɗu madugu ya ba da izini, domin tafiyar mutum ɗaya hasara ce da haɗari. A nan na ga cewa jiran mota ta cika tsohuwar al'ada ce a sabuwar riga, kuma waɗanda suka gina ta sun gina mata magani, wato masauki a kowane zango da maigida mai karɓar baƙo. Wannan tsari na maigida da amana shi ne Abner Cohen ya yi nazari a kansa a Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969.

Mun ga amanar da idonmu. Bayan sallar asuba dattijon ya ba mu rancen kuɗin mota, ya ce mu kai wa wani ɗan'uwansa mai shago a Agege, ba takarda ba shaida. Yaronsa ya raka mu tasha. Motar farko ta cika cikin minti 20. Muka tsallaka da ƙafa, muka samu ta Mile 2 tana gab da tashi, kafin azahar muna gida. Ranar Laraba muka kai kuɗin Agege.

Yadda za a lissafa tafiyar yini guda

Daga abin da ya gabata, ga shawarwarin da nake ba duk ɗan sashen da yake shirin irin wannan tafiya.

Na farko, a fara lissafi daga dawowa. A yanke lokacin da ake so a iso gida, a cire awoyin hanya, da na iyaka, da na jiran lodi sau biyu, abin da ya rage shi ne lokacin barin Kwatano. A ganina wanda yake so ya kwana a Legas kada la'asar ta same shi a can.

Na biyu, a sa wa kai ƙa'ida tun daga gida: in ƙarfe kaza ta yi ba mu tsallaka ba, ko mu juya ko mu kwana. Shawarar da aka yanke a gida ta fi wadda za a yanke a bakin titi da gajiya da yunwa.

Na uku, a nemi motar farko ta bayan asuba. Ita ce mafi kusa da abin da za a kira jadawali a tasha, kuma ita ke wuce cunkoso kafin ya haɗu. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Na huɗu, a duba takardun kowa kwana 10 kafin tafiya: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara. Katin makaranta ba takardar tsallaka iyaka ba ce. Yana da kyau a karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashe.

Na biyar, a riƙe kuɗin kwana ɗaya da na kujera ɗaya ko biyu a ware, cikin sefa da naira, kada a taɓa su. Da muna da kuɗin kujera guda da labarin ya canza. A tambayi canji a ranar tafiya, kuma in an faɗi farashi da Hausa a tambaya, dala ko sefa?

Na shida, a tabbatar waya ɗaya aƙalla za ta yi aiki a can, a rubuta lambobin gida a takarda, a kuma sanar da iyaye da malamin kwas inda za a je. In da hali a samu sunan wanda za a sauka wurinsa tun kafin a tashi.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa lokacin da ke jikin tikiti buri ne, abin da ke tayar da mota shi ne cikar kujeru, abin da ke sakin ta a iyaka kuma shi ne takardun kowa da kayan kowa. Ban kawo wannan don in wanke masu rubuta lokacin da suka san ba za su cika ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum a kan 6:30 ya kamata ko ya tashi 6:30 ko ya faɗi gaskiya tun farko. Amma kafin a kai ga haka, ɗalibin da ya san yadda tasha take lissafi ya fi wanda ya dogara da takarda.

Ba na so kuma wani ya karanta wannan ya fasa tafiya. Hirar da muka ɗauka a daren da ba mu shirya ba ta fi ta yamma armashi, ita ce ma ƙashin bayan aikin da muka miƙa. Gani ya kori ji. Ku je Zango, ku saurari Hausar can, ku gaishe da dattawa da ladabi, amma ku tafi da katinku da kuɗin kwananku. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, amin.